Daren Lodin Maraɗi

Ni ne mai sito. Makulli goma sha ɗaya a ƙuguna,
littafi guda, biro a bayan kunne.
Shekara ashirin ina ƙirga injin casa
a wannan rumfar kwano ta Cikaji,
inda ƙarfe ke shiga a miƙe ya fito da haƙora.

Laifinmu ɗaya ne, mun iya aiki.
Injin da Sambo ya yi wa walda tun ina saurayi
har yau yana cin masara a Giwa, ko tari bai yi ba.
Soba ta saya. Maƙarfi ta saya. Ikara ta ɗauki biyu.
Wanda ya ƙoshi ba ya tambayar tuwo,
sai dai ya aiko yaro neman bel da noti,
bel kuwa ba ya biyan albashin mutum arba'in.

Watan jiya na ƙirga sittin da uku a jere,
sun sha koren fenti, sun yi tsit kamar zaman makoki,
gizo-gizo har ya fara gwada musu riga.

Hajiya Lantana, da ta gaji wurin daga mahaifinta,
ta tura mini rasit ta ce, "Jatau, karanta."
Na karanta. Na goge tabarau, na sake.
Ƙarfen bara, bana kuɗinsa ya haifi tagwaye,
shi da dala yake magana,
mu da naira muke ba shi amsa.
Janareta bai san goma ba, bai san ɗari ba,
mansa kawai yake sha.
Ta ce, "To gara ɗari, su raba kayan a kai."

Ran Talata wani dogo ya sauka a Kwangila,
Isufu, mutumin Maraɗi, jakar sefa a hammata.
Ya zagaya injin sau uku kamar mai taya bijimi,
ya ce, "Mu gero muke nomawa. Yana cin gero?"
Sambo bai kwana gida ba.
Ya tsuke idon rariya, ya sassauta haƙora,
kafin kiran assalatu injin masara ya koyi gero.

Ni dai ban saki jiki ba.
Takardun da Faransanci, kwastan na jira a Jibiya,
Dogara direba ya ƙirga shingaye, yatsunsa suka ƙare.
In noti ya karye a bayan Tasawa, wa zai je?
Hajiya ta ce, "Tukunya ba ta zama a kan dutse ɗaya.
Shekarar da ruwa ya yi mana gardama
wataƙila can ya sauka.
Kuma in mun tsaya, na cikin kwali suna tafe
daga bakin teku, da sheƙi, da araha,
har ƙofar nan za su same mu."

Sai na tuna kakana, bafatake,
da ya bi jakuna har Gwanja.
Ban taɓa jin an ce masa makwaɗaici ba.
Garin ne ya yi wa kayansa kaɗan.

Daren nan mun ɗora goma sha biyu.
Tanimu, ɗan Sambo, ya hau sama da buhun sifana,
yana maimaita ƙirgen sefa kamar hadda.
Uwarsa ta kawo dambu a leda, ba ta ce komai ba.
Motar ta yi nishi, ta ɗauki hanyar Funtuwa.

Na buɗe littafi. A layin "inda za shi"
na rubuta sunan da biron nan bai taɓa rubutawa ba,
na tsaya kan ɗ ɗin, na gyara mata ƙugiya.

A daɓen sito, gurbi goma sha biyu,
fes, inda ƙura ba ta taɓa ba.
Na ɗauki tsintsiya, na fasa.
Saura hamsin da ɗaya.
Na kulle.